Auta Mai Gyaran Firij

Firij ɗaya ne tak a ajin su Auta, kuma ya girme ta. Fari ne a da, amma hannun ɗalibai ya mayar da shi ruwan ƙasa. Duk wanda ya shigo cibiyar koyon sana'a ya zaɓi gyaran firij da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, a kansa zai koya. An kwance shi an ɗaure, an sake kwancewa, har notinansa sun daina kamawa, da waya ake ɗaure murfin bayansa. Ɗalibai suna ce masa Kaka.

Auta ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa sunan ya bi ta har makaranta. Babanta direban motar kai burodi ne, Umma kuma tana ɗinki a tsakar gida. Yayanta ya gama difloma ya dawo, kullum da safe ya goge riga ya fita neman aiki, da yamma ya dawo ya rataye ta bai samu ba. Da Auta ta gama sakandare, ta dubi halin gidansu, ta ce ita sana'a za ta koya. Umma ta ɗauka ɗinki take nufi, har ta fara share mata wuri kusa da keke.

"Gyaran firij fa nake nufi, Umma."

Umma ta ajiye almakashi. "Gyaran me?"

Baba yana wanke ƙafa a bakin famfo, ya yi dariya har ya kusa zamewa. "Ƙyale ta. Wannan tun tana rarrafe take kwance mini rediyo. Gara ta je inda za a koya mata mayarwa."

Malaminsu wani siririn dattijo ne da ya daɗe yana aiki a masana'antar lemo kafin ciwon gwiwa ya sa ya koma koyarwa. Duk ɗalibin da ya ɗauki sukundireba, kafin ya taɓa noti zai ji murya a bayansa: "Tsaya tukuna. Me ka gani? Me ka ji?" Ba a daɗe ba suka laƙaba masa Malam Tsaya-tukuna. Ya san da sunan, bai taɓa hanawa ba.

Wata rana suna cikin darasi wani saurayi ya leƙo da hular babur a hannu. Tsohon ɗalibin Malam ne, wanda ya fi kowa ƙoƙari a shekararsu. Ya durƙusa ya gaishe shi. Malam ya yi murna, ya tambaye shi shagon da yake aiki.

Saurayin ya ɗaga hular. "Ga shagona, Malam. Haya nake yi da babur."

"To sana'ar fa?"

"Duk inda na je sai a ce, a ina ka taɓa aiki? In ce a makaranta. A ce firij nawa ka gyara? In na faɗi gaskiya sai in ce ɗaya." Ya nuna Kaka da baki. "Shi ma ba lalacewa ya yi ba, mu muka lalata shi muka gyara."

Aji ya kwashe da dariya. Dariyar ba ta yi nisa ba ta mutu, don kowa ya gane labarin kansa yake ji. Malam bai ƙarasa darasin ba. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ofishin Shugabar cibiya.

Abin da ya nema ba mai yawa ba ne. Akwai wata rumfa a bakin ƙofar cibiya da ake ajiye karyayyun kujeru. Ya ce a ba shi ita. Duk mai firij da ya lalace a unguwa ya kawo, ya sayi kayan da za a canza, ɗalibai su yi aikin kyauta.

Shugaba mace ce mai taka tsantsan. Ta cire tabarau ta dube shi. "Malam, in yaran nan suka ƙona kayan mutane, wa za a kama?"

"Ni."

"Kai kaɗai?"

"Ranki ya daɗe, yanzu ma muna ƙona wani abu. Shekarun yara muke ƙonawa, kawai dai ba mai zuwa ya yi mana ihu a bakin ƙofa."

Ta mayar da tabarau, sannan ta ce ya gwada zuwa ƙarshen zango, in aka samu matsala a rufe.

Suka share rumfa, suka jawo wuta, wani ɗalibi da ake kira Dogo ya rubuta allo da fenti ya rataye. Suka zauna jira. Mutane suna wucewa su karanta allon, su leƙo su ga yara da sabuwar rigar aiki, su yi gaba. Ba wanda ya kawo ko fanka. Wani mutum ma ya tsaya ya ce shi da ya ba 'yan koyo firij ɗinsa gara ya mayar da shi kabad.

Sai Auta ta tuna da Goggo.

Goggo yayar Baba ce, tana sayar da ɗanyen kifi a ƙofar gidanta. Firizarta ta daina sanyi tun kwanaki, da ƙanƙarar saye take lallaɓawa. Auta ta same ta tana kora ƙuda da mafici.

"Ke?" in ji Goggo. "Ke da na goya? Ke da kika yi mini fitsari a baya za ki gyara mini firiza?"

"Goggo, ai yanzu na daina."

"Ki daina ko kar ki daina, jarina ke nan gaba ɗaya."

"Yanzu ma ba ta aiki, Goggo. Me zan ɓata?"

Goggo ta dubi firizar, ta dubi ƙanƙarar da ke narkewa tana bin ƙasa. Ta ja tsaki. "Ɗauki. Amma in kika kashe ta, ubanki zan kama."

Auta da Dogo da wani ɗalibi mai tabarau da suke kira Likita suka turo ta a amalanke har rumfa. Malam ya ja kujera ya zauna, ya naɗe hannu a ƙirji. Bai taɓa ko filaya ba. Auta ta kunna firizar ta kasa kunne. Injin yana tashi lafiya, amma bututun baya ba ya ɗaukar zafi. Ta ɗora geji mai auna gas, ta ga ya tsiyaye. Ta kaɗa sabulu a kofi ta bi bututun tana shafa kumfa, gaɓa bayan gaɓa, har ta zo wani wuri kusa da inji inda kumfar ta fara kumbura tana fashewa.

"Ga shi nan, Malam!"

"Na gani. Sai me?"

Ta goge wurin, ta kunna wutar walda. Ta liƙe wurin, ta zuƙe iska, ta sa gas. Kafin la'asar bangon firizar ya yi fari da ƙanƙara. Dogo ya kankaro ta da farce ya zuba wa Likita a wuya, rumfa ta kaure da ihu.

Malam ya ce a bar ta a rumfa ta kwana biyu a ga yadda za ta yi. Amma Goggo ta riga ta ji labari, ta iso da mayafi a kafaɗa tana haki. Ta ce gobe za a kawo mata kifi, ba ta da inda za ta sa. Auta ta sa baki, don tana so a ga aikinta a unguwa. Malam ya dube ta, ya dubi Goggo, ya ɗaga kafaɗa. Aka mayar da firiza.

Ba a yi mako ba, da sassafe Auta tana shan shayi aka buga ƙofa kamar za a ɓalle ta.

"Ina Auta? Ta fito!"

Goggo ce. Firizar ta saki. Goggo ta buɗe da safe ta tarar ruwa ya kwanta a ƙasa, kifi cike har baki, na sama ya fara laushi. Auta ta bi ta gida, ta tsaya a kan kifin tana kallo. Goggo tana faɗa, tana kiran sunan Baba, tana tuna wa duniya cewa ita ta ce ba ta yarda ba tun farko.

Yaya ne ya biyo su da rigar barci. Ya leƙa firizar, ya taɓa kifin.

"Bai lalace ba tukuna. Auta, kira abokanki. Goggo, ba ni robobi, duk wanda kike da shi."

Ya bi layin gida gida yana sallama. Wannan yana da wuri a firij, wancan firizarsa rabi ce, mai shagon lemo ya yarda ya kwashe kwalabe na yini ɗaya. Yaya ya san yadda zai yi wa kowa magana: tsoho ya durƙusa masa, matar gida ya yi mata barkwanci, mai rowa ya yi masa alkawarin ba zai wuce gobe ba. Kafin rana ta yi zafi kifin Goggo ya watsu a gidajen layin, kuma Yaya ya riƙe a ka wane gida aka kai wace roba.

Su Dogo suka jawo firizar waje, ƙarƙashin bishiyar ƙofar gida, don ɗakin ya yi duhu. Nan da nan mutane suka taru. Malam ya iso a bayan babur, aka ba shi benci.

Auta ta je inda ta liƙe ta shafa kumfa. Shiru, wurin lafiya lau. Ta bi sauran bututun, babu komai. Gumi ya fara shiga mata ido. Wani a cikin taron ya ce ai dama an faɗa, aikin maza ne. Wata mata ta ce masa ya zo ya yi, tunda namiji ne.

"Tsaya tukuna," in ji Malam a hankali. "Bututun nan duk a waje yake?"

Auta ta dubi inda bututun ya shige cikin jikin firizar. A nan, can ƙasa, fenti ya kumbura, tsatsa ta ci ƙarfen. Ta danna da yatsa, wurin ya lotsa.

"A ciki yake yoyo," in ji ta.

"To. Wannan Kaka ba zai taɓa koya miki ba, don shi bai taɓa zama cikin ruwan kifi ba."

Aikin ya ci yinin. Sai da ta yanke gefen firizar, ta tone soson ciki, ta cire ruɓaɓɓen bututu ta sa sabo. Likita ya riƙe mata fitila, Dogo ya yi ta zirga-zirga zuwa shagon kayan gyara. Da yamma firizar ta ɗauki sanyi. Goggo ta miƙe za ta aika a kwaso kifi.

"A'a, Goggo," in ji Auta. "Sai ta kwana biyu babu komai a ciki."

"Ke, ni za ki kafa wa doka?"

"Eh, Goggo. Yau dai ni ce mai gyara."

Goggo ta koma ta zauna tana gunaguni cewa yaran yanzu ba su da ta ido. Amma da Auta za ta tafi, ta kira ta ta goge mata baƙin mai a kumatu da bakin mayafinta.

Auta ta ɗauka sunan rumfa ya ɓaci ke nan. Ba haka aka yi ba. Mutanen layin sun saba da mai gyaran da zai karɓi aiki, in ya lalace ya kashe waya. Sun ga yara sun dawo da kansu, da malaminsu mai ciwon gwiwa, sun yini a rana ba wanda ya tilasta su. Mako mai zuwa da ɗalibai suka iso, firij uku na jiransu a bakin ƙofa, na farko na mutumin nan ne da ya ce gara ya yi kabad da nasa. Daga nan abin ya buɗe. Rumfa ta cika har aka fara jerawa a jikin katanga. Malam ya aika aka kira tsohon ɗalibinsa mai babur, ya ce ya riƙa zuwa da safe yana taya shi duba aikin ƙanana, hannunsa ya dawo.

Suna cikin haka wata mota ta tsaya a bakin rumfa. Wani ƙaton mutum ya fito da makullai a hannu yana kaɗawa. Shi ne mai babban shagon gyaran firij da esi na bakin titi, kowa Injiniya yake ce masa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Malam, me na yi maka? Kana gyara kyauta, ni in ci me? Ina da ma'aikata, ina da haya."

Malam ya sa aka kawo masa kujera. "Zauna, Injiniya. Yarana nawa suka zo wurinka neman aiki?"

"Da yawa."

"Nawa ka ɗauka?"

"Malam, ka san ba zan ɗauki wanda bai taɓa aiki ba. Gidan mutane ake shiga."

"Gaskiyarka. To a ina za su taɓa aikin?"

Injiniya ya tashi yana zagaya rumfar, yana leƙa bayan firij, yana taɓa walda da babban yatsa. A wani wuri ya gyaɗa kai, a wani ya yamutsa fuska ya ce wa Dogo ya rage wuta in yana liƙi. Sai ya zo kan wani sabon firij mai ƙofa biyu a kusurwa, ko notinsa ba a taɓa ba.

"Wannan fa? Me ya sa aka bar shi?"

Auta ce ke kusa. "Ba mu san shi ba, Injiniya. Na zamani ne, wani ɗan faranti mai ƙananan wayoyi ne ke sarrafa shi."

"Fanel."

"Eh. Ba mu taɓa ganin irinsa a buɗe ba. Mun ce wa mai shi ya kai maka, ya ce sai ya samu mota."

Injiniya ya juya ya dubi Malam. "Ba ku da ko ɗaya mai fanel? Ai yanzu duk abin da ake saye irinsa ne."

"Kaka muke da shi," in ji Malam. "Amma na ji an ce bayan shagonka akwai matattu irin wannan, rana tana dukansu."

Injiniya ya yi dariya ba da son ransa ba. Ya koma ya zauna. Suka daɗe suna magana, har aka kira Shugaba ta fito. Da aka tashi an yi yarjejeniya: rumfa za ta tsaya a kan tsofaffin ƙananan firij, irin aikin da shi dama ba ya samun lokacinsa, manyan ayyuka kuma a tura masa. Shi zai turo matattun firij da esi na zamani a koya a kansu, kuma zai ɗauki ɗalibai uku su riƙa yin rabin mako a shagonsa. Malam ya ce waɗanda suka fi yawan aiki a rumfa su za su fara: Dogo, Likita da Auta.

Ranar farko a shagon, aka ba Dogo da Likita jakar kayan aiki suka hau bayan mota. Auta kuwa Injiniya ya nuna mata teburi da waya.

"Ki zauna nan. In an kira ki karɓi adireshi."

Ta ɗauka na ranar ne. Aka yi mako, aka yi wani. Da yamma su Dogo su dawo da gumi da labarai: yau sun hau rufin banki, jiya sun kwance esin da ɓera ya yi gida a ciki. Ita kuwa rigar aikinta ko datti ba ta yi. Kuma ba ta iya aikin wayar ba. In mutum ya kira sai ta manta da adireshi ta shiga tambayarsa irin ƙarar da firij ɗin yake yi. Wata rana Injiniya ya shigo ya same ta tana cewa, "Hajiya, ki kara wayar a bayansa in ji."

"Auta! Adireshi na ce, ba duba mara lafiya ba!"

Ta jira har shago ya yi sauƙi, ta same shi yana cin abinci a ofis. Ta yi sallama ta tsaya.

"Injiniya, ba amsa waya na zo koya ba."

Ya ajiye cokali. "Aikin waje akwai hawa tsani, akwai ɗaukar tukunyar gas. In kika faɗo me zan gaya wa babanki?"

"Babana ne ya sayo mini takalmin aiki. Ga su nan, ko ƙura ba su sani ba."

Ya leƙa ƙafarta. Takalman suna ƙyalli kamar yau aka cire su a kwali.

"To na ji. Wa zai zauna a kan wayar? Ke ma da ba ki iya ba kin fi babu."

"Ina da mutum. Ya fi ni nesa ba kusa ba."

Shawo kan Injiniya ya fi shawo kan Yaya sauƙi. Da ta gaya wa Yaya a gida bayan sun ci abinci, ya dube ta kamar ta zage shi.

"Ni da difloma, in je in zauna amsa waya a shagon gyaran firij? A ƙarƙashin ƙanwata?"

"Ba a ƙarƙashina ba, ni ina waje. Yaya, shagon nan aiki ya yi masa yawa, ba mai tsara shi. Mota tana zuwa gabas da safe, ta dawo yamma, ta sake komawa gabas. Mutane suna jira har su gaji su kira wani. Na ga yadda ka yi da kifin Goggo."

"Kifi daban, aiki daban."

Umma ta ci gaba da taka keke kamar ba ta ji. Baba ne ya yi gyaran murya. "Je ka gani da idonka. In bai yi maka ba, ai ba ɗaure ka za su yi ba."

Ya je a kan zai gani. Bayan kwana kaɗan ya roƙi Injiniya ya bar shi ya riƙa haɗa ayyukan unguwa ɗaya a tafiya ɗaya. Ya fara kiran mutane bayan an yi musu gyara yana tambayar ko komai lafiya, abin da shagon bai taɓa yi ba. Ya gano kayan da ake yawan nema, ya sa ana ajiye su a mota. Injiniya yana kallo, sai wata rana ya sa aka sayo masa kujera mai juyawa.

Auta kuwa aka haɗa ta da babban ma'aikacin shagon, wani mutum mai furfura da ake kira Baba Shiru, don yana iya yini bai furta kalma goma ba. Aikinsu na farko a wani otal ne, injinan esin suna can bisa rufi, hanyar hawa kuwa tsanin ƙarfe ne da aka kafa a jikin bango. Baba Shiru ya rataya jaka ya haye kamar mai hawa gado. Auta ta ɗaura tukunyar gas a baya ta bi shi. Ta kai tsakiya ta yi kuskuren duba ƙasa. Motoci sun zama kamar akwatin ashana, iska tana kaɗa mata riga. Hannunta ya ƙanƙame ƙarfen ya ƙi saki.

Baba Shiru ya leƙo daga sama. Bai miƙo hannu ba, bai yi faɗa ba.

"Ƙarfen da ke gaban idonki kaɗai za ki duba. Kama shi. Yauwa. Sai na samansa."

Haka ta hau, ɗaya bayan ɗaya. Da ta kai sama ta zube a kan siminti tana maida numfashi. Ya ba ta ruwa ya jira ta sha, sannan ya nuna mata injin farko da haɓa.

Ta koyi abubuwa da yawa a bayansa. Ta koyi yadda ake gwada fanel da mita kafin a ce ya mutu. Ta koyi cire takalmi a ƙofar mutane da share wuri in an gama. Ta ƙona yatsa, ta yanke tafin hannu, sau ɗaya ta ɗaura wayoyi a juye fis ya tashi, gidan gaba ɗaya ya ɗauke wuta, Baba Shiru ya ba masu gida haƙuri, a mota ya sa ta faɗi da bakinta inda ta kuskure. Kwanakin da take cibiya kuwa, abin da ta gani a waje shi take nuna wa 'yan ajinsu a kan matattun injinan da Injiniya ya turo.

Da zango ya ƙare Shugaba ba ta rufe rumfa ba. Ta sa aka ƙara mata kwano, ta kuma kira malaman kafinta da na wayarin ta ce kowa ya nemo irin wannan hanyar a sana'arsa. Ita da kanta ta riƙa bin masu shaguna tana roƙon gurbi. Wasu suka yarda, wasu suka ce ba su da lokacin raino. A ajin su Auta ma ba kowa ya dace ba: biyu sun bari tun kafin a gama, ɗaya ya koma wurin kawunsa a kasuwa. Amma Likita ya samu aiki a wani kamfanin ajiyar kayan sanyi, Injiniya kuma ya riƙe Dogo da Auta a matsayin ma'aikata.

Ranar da aka fara tura ta aiki ita kaɗai, wani kantin magani ne firij ɗin alluransa ya daina sanyi. Mai kantin, wata mata mai fara'a, ta dubi Auta ta dubi bayanta ko akwai mai zuwa.

"Ni kaɗai ce, Anti. Kafin in taɓa komai, ina za mu sa alluran nan? Akwai kular sanyi da ƙanƙara?"

Akwai. Suka kwashe tare. Auta ta ja firij ɗin daga bango ta durƙusa. Ƙaramar fankar baya ce ta tsaya, ƙura ta cushe ta. Ta kwance ta wanke, ta gwada, fankar ta juya kaɗan ta sake tsayawa. Akwai sabuwa a jaka. Ta canza, ta zauna a kan kwali tana kallon ma'aunin sanyi yana sauka, mai kantin tana ba ta labarin ɗiyarta da ta ƙi karatu ta ƙi komai.

"Ki turo ta cibiya ta gani," in ji Auta. "Ba lallai firij ba. Akwai wayarin, akwai famfo, akwai fenti."

"Suna ɗaukar mata a duk waɗannan?"

"Ba su hana kowa ba. Mu ne ba ma zuwa."

Wayarta ta yi ƙara. Yaya ne.

"Kin gama?"

"Saura kaɗan, ina jira ya kai inda ya kamata."

"In kin gama akwai gidan cin abinci a bayan layin da kike, firizarsu tana ƙara. Na ce musu kina tafe. Kin ci abinci kuwa?"

"Ban ci ba."

"To na gaya musu su ajiye miki. Kar ki tsaya surutu."

Ma'aunin ya tsaya inda take so. Ta taya mai kantin mayar da allurai, ta share ƙurar da ta zubo, ta ce mata in ta ji wani abu ta kira ko da gobe ne. Ta rataya jaka a kafaɗa, ta tambayi hanyar da ta fi kusa zuwa bayan layi, aka nuna mata wani lungu kusa da shagon aski, ta bi ta nan.